Na Kai Cuku Mai Ɗaci Damagaram

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A bakin ƙofar kamfani a tare ni, a wajen mai ƙosai a tare ni, har a masallaci wani sai ya jira na sallame ya matso ya ce, "Malam Sabi'u, yaya Nijar ɗin take?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, akwai rana, akwai raƙuma, in yi gaba. Wanda ya matsa in ba shi labarin burodinsu da shayinsu. Ainihin abin da ya faru dai ban taɓa faɗarsa daga farko har ƙarshe ba, don babu inda na fito da kyau a cikinsa. Yau zan rubuta shi, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Shekarata goma sha ɗaya a wani kamfanin yogot a Sharaɗa, ni ne mai ɗakin gwaji. Bara Alhaji mai kamfanin ya ji masu sayar da shawarma da gidajen abinci na wajen Bompai suna kukan tsadar cukun da ake shigowa da shi daga waje, ya ce mu ma za mu yi. Ba busasshen cukun nan mai faɗi da muka sani ba, na dunƙule, wanda ake ajiyewa kamar wata biyu ya nuna. Aka ware ɗaki, Alhaji ya ce duk wanda ya fitar da cuku mai kyau shi zai riƙe shi. Kowa ya san da ni ake, tunda ni ke da difloma, ni kuma har na fara tunanin inda zan ajiye teburina.

Sau shida ina yi. Ranar farko ya fito fari tas, gwanin sha'awa. Sati uku sai gefensa ya fara laushi, in ka ɗanɗana kuwa kamar ka tauna shuwaka ba a wanke ba. A na shida Alhaji ya ajiye wuƙa ya ce ya ji labarin wata Hajiya Rakiya a bayan Damagaram, mai yin irin wannan cuku, in je in gani. In na dawo na kuma fitar da mai ɗaci, za a mayar da ɗakin sito. Ya haɗa ni da Laminu, mai wanke tankunan madara, don ɗan can ne kuma yana jin Faransanci. Sa'ana ne a shekaru, amma a kamfani ni ke aikensa, shi ke ce mini Oga.

Da hantsi muka tashi ta hanyar Daura. Na zauna gaba, Laminu yana baya da kula a cinya, a cikinta dunƙulen cukuna na shida da ƙanƙara. Har Kwangwalam ni ne babba. Muna taka ƙasar Nijar komai ya juye.

Wani jami'i ya sa aka buɗe kular. Ya sunsuna, ya dube ni.

"Mene ne wannan?"

"Cuku ne, ranka ya daɗe."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. "Wai cuku, in ji mutumin Kano. Malam, nan ƙasar cuku ce. Wannan dai sabulu ya yi kama da shi. In abinci ne, ci mu gani."

Na yanka na ci, mutanen motarmu duk sun zuba mini ido. Na tauna ina murmushi, ɗaci yana hawa har cikin kunnena. Jami'in ya ɗan gutsura shi ma, ya juya ya tofar, ya ce a rufe kular, wanda ya ɗauko wannan tun daga Kano ba mai laifi ba ne, mai neman magani ne. Laminu ya faɗi wani abu da Faransanci, suka kwashe da dariya har da tafawa. Da muka koma mota na tambaye shi me ya ce, ya ce cewa ya yi Ogansa babban malami ne. Wataƙila hakan ya faɗa. Amma daga nan har Matamaye ban sake yi masa magana ba.

A Damagaram gidan yayarsa muka sauka. Mutumin da nake gani kullum da takalmin roba da buroshi, sai ga shi maƙwabta suna layin gaishe shi, ana shimfiɗa masa darduma, dattawa suna tambayarsa labarin Kano kamar shi ke riƙe da ita. Ni kuwa sunana baƙon Laminu. Babu wanda ya tambayi aikina. An karrama ni, ban ce ba a yi ba: aka kawo fura mai kauri, wadda su suke ce wa hura, da dambu wanda zogalensa ya fi shinkafar yawa, da burodin nan nasu dogo kamar sanda, bayansa har yana kankare dasashi. Sai mijin yayar ya ɗora shayi a 'yar ƙaramar buta. Na shanye kofin farko na yi godiya na miƙe. Laminu ya jawo gefen rigata ya ce a hankali, "Oga, uku ne. Ba a tashi a na farko." Na koma na zauna, ina jin haushin wai yau Laminu ke koya mini zama cikin mutane. Wani abin da ya ba ni mamaki, da azahar gari yake mutuwa. Na fita neman biro na tarar da kantuna a rufe sai la'asar. Mu a Kano ai ko gobara ake sai an sami mai sayar da ruwa.

Washegari muka hau bayan a-kori-kura, mu da jarkokin madara da tumaki biyu, tafiyar kamar awa guda arewa. Kafin mu sauka na zaro farar rigata ta ɗakin gwaji na sa, don a san wanda ya zo. Aka kuwa sani. Kafin in ƙarasa ƙofar gidan wani Bafillace ya jawo mini saniya mai ciwon kofato, ya ɗauka mai allurar dabbobi ne.

Hajiya Rakiya dattijuwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Ita da mata kamar goma suke aikin. Kayansu tukwanen alminiyon ne, da ƙore, da kwanduna, sai wani ɗakin ƙasa da aka haƙa rabinsa cikin ƙasa, da na'urar sanyi mai aiki da hasken rana. Na shiga ɗakin na ga cuku jere a kan katako, ƙamshi kamar na man shanu da gyaɗa soyayya. Ta yanko mini. Na ɗanɗana. Ina da tankunan ƙarfe, da ma'aunin zafi, da ma'aunin tsami, ga tsohuwa da ƙwarya ta yi abin da na kasa sau shida.

Sannan ta ɗanɗana nawa. Ba ta tofar ba, ta tauna har ta haɗiye.

"Ɗan Kano, in ka zuba wa madara abin kwantarwa, tana ɗaukar wane lokaci?"

"Minti goma sha biyu, Hajiya," na faɗa da alfahari.

"Wa yake korar ku?"

Sai da ta tambaya na ji yadda amsar take a bakina. A Sharaɗa wuta ba ta da tabbas, injin janareta kuma ƙarfe biyu ake kashe shi in masu aikin safe sun tashi. Madara ba ta isowa sai wajen sha ɗaya. Don in gama kafin a kashe, hodar da muke kira renet, wadda ke daskarar da madara, ninka ta uku nake yi. In yanka daskararriyar madarar manya-manya, in matse sama-sama, in shafa gishiri a baya, in tura ɗakin sanyi, wanda shi ma rabin yini ba sanyi. Mu duk aikinmu haka yake, tsere da janareta. Yogot yana yafe mana, shi ya sa na ɗauka cuku ma zai yafe.

Hajiya ba hoda take amfani da ita ba. Tumbin ɗan akuya mai shan nono ake shanyawa da gishiri, a jiƙa, a ɗebi ruwan da ƙaramin cokali. Ta ɗaga kwalbar da ruwan yake ciki ta ce, "Wannan abin ba ya mutuwa don madara ta kwanta. Wani yana bin ruwa ya fita, wani yana maƙalewa a ciki yana ci. Kaɗan ake so ya maƙale. Kai ka cika shi, ka bar masa ruwa, ka hana shi gishiri, ka ba shi ɗumi. Me zai hana shi ɓarna?"

Abin haushin, na san wannan. An koya mana a makaranta, har na ci jarrabawa a kai. Furotin ɗin madara dogo ne, renet ke fara yanka shi guntu-guntu, kuma wasu guntayen ɗaci gare su. Ƙwayoyin halittar da ke cikin kindirmon da ake zubawa a matsayin iri su ke biyo baya su ƙara daddatsa guntayen, har ɗacin ya tafi ɗanɗano ya fito. Nunar cuku ke nan. In mai yankan farko ya fi masu biyo baya sauri, ɗaci ya taru. Kamar nama ne da aka naɗe a ganyen gwanda: ɗan lokaci ya yi taushi, in an manta da shi ya lalace. Ina da wannan duka a cikin littafi a gida, ban taɓa haɗa shi da janaretan Alhaji ba.

Ta nuna mini cuku iri uku daga madara ɗaya. Mai faɗin nan da ake shanyawa a kan tabarma, ta ce rana ta kwashe ruwansa, babu abin da zai ƙara motsi a ciki, ko wata nawa ya yi yana nan yadda yake. Na biyu da ruwan tumfafiya ake kwantar da shi, a tafasa, a ci a kwana ɗaya ko biyu, ba a ajiye shi. Na ukun ne na dunƙule, shi kuma sai an bi shi a hankali: cokali ɗaya, jira kusan awa guda, a yanka ƙanana kamar ƙwayar masara, a ɗan ɗumama ana juyawa har su yi tauri, a matse sosai, a tsoma a ruwan gishiri, sannan sanyi wanda ba ya yankewa.

Ina ta rubutu, sai ta juya wajen Laminu. "Kai fa, me kake yi a can?"

"Wanke tanki nake, Hajiya."

"To kai ka san cukun. Abin da yake saura a gindin tanki yaya yake a hannu?"

Laminu ya dube ni, ya sunkuyar da kai. "Yana da laushi, Hajiya. In na matsa ruwa ne ke fita. Na gidanmu da tsohuwata take yi har ƙara yake a haƙori."

"Ka faɗa masa?"

Ya yi shiru. Alhali kuwa ya taɓa faɗa mini. Tun a na biyu ya same ni ya ce, "Oga, anya madarar nan ba a gaggauta mata ba?" Na ce ya je ya ji da buroshinsa. Bai tona ni ba, amma shirun nasa ya ishi Hajiya.

Kwana biyar muka yi muna zuwa da safe muna komawa da la'asar, kuma kowace rana sai ta fi ta jiya ɗaci a wurina. Ni ina tsaye da littafi da ma'aunin zafi, Laminu ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu har gwiwa. Ta koya masa sa yatsa a daskararriyar madara a ɗaga, in ta tsage tsaf ruwan ya fito garau to ta yi. Sau ɗaya ya gani ya iya. Ta ce hannunsa yana da sanyi. Matan suna ce masa ɗan'uwa, suna ajiye masa ƙwaryar hura da ta fi nono. Ni kuma mai rubutu. Ba zan ɓoye ba, hassada na yi, irin wadda ake wa'azi a kanta. In ya yi dariya sai in ji da ni yake. Har tsayuwarsa a bakin tukunya haushi take ba ni.

Rana ta huɗu Hajiya ta ce kowa ya yi nasa dunƙulen mu tafi da su. Tukunya biyu, madara ɗaya, iri ɗaya, cokali ɗaya-ɗaya. Muka zuba. Aka yi sallama da ita a waje, masu kawo madara sun iso, ta fita, Laminu ya bi ta ya taya sauke jarkoki. Kwalbar tana nan kusa da ƙafata.

Na san abin da ta faɗa. Na rubuta shi da hannuna, har na ja masa layi. Amma abin da nake so a lokacin shi ne sau ɗaya dai in riga Laminu a gaban matan nan. Na ce a raina cokali biyu ba wani abu ba ne, tunda akwai gishiri da sanyi. Na ƙara.

Nawa ya kwanta tun nasa yana ruwa. Wata daga cikin matan ta ce, "Kai, mai rubutu ya yi sauri!" Na ji daɗi har cikin raina, na kuma yanka da wuri, na matse da wuri, na zauna ina kallon Laminu yana jira. Hajiya ta dawo ta sa yatsa a tukunyata, ta ɗago ta dube ni ɗan lokaci. Ba ta ce komai ba sai, "Madalla." Da aka fitar da su daga ruwan gishiri washegari, ta ɗaura wa nawa jan zare, na Laminu ta ɗaura masa kaba. Ta ce sati bakwai, a juya su kullum, kada sanyi ya yanke.

A dawowa ni na riƙe kular, ban yarda ya taɓa ba. Ƙanƙararmu ta narke kafin iyaka, rigata ta jiƙe sharkaf, sai a Daura muka sami wata. Tsakanin Daura da Kazaure Laminu ya yi barci, ni kuma sau biyu hannuna yana shiga kular yana taɓa zaren nan. Kuncewa da sauyawa ba zai ɗauki minti ɗaya ba. Zan so in ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni. Gaskiyar ita ce har lokacin ina ganin nawa zai iya fin nasa.

Alhaji ya yarda aka sa ƙaramin firji a layin batirin ofishinsa, wanda ba ya mutuwa. Laminu ke juya su kowace safiya kafin ya shiga tankunansa. A sati na huɗu na danna gefen mai jan zare da yatsa, na ji ya ɗan lotsa. Na rufe firjin na koma ɗakin gwaji, ranar ko abincin rana ban ci ba.

Ranar da sati bakwai ya cika, da hantsi, Alhaji ya kira mu ofis. Laminu ya shigo da su a faranti. Na duba, babu jan zare, babu kaba. Alhaji ya yanki na farko ya tauna, ya lumshe ido, ya ƙara yanka. Ya yanki na biyu, ya nemi inda zai tofar.

"Wannan na wa, wannan na wa?"

Laminu ya ce, "Alhaji, tare muka je, tare muka koyo. Duka aikinmu ne. Ku ba Oga ɗakin, ni zan taya shi."

Bakin jan zaren yana leƙowa daga aljihun rigarsa. Alhaji ya juyo wajena yana jira. Abin da ya rage mini kawai in yi shiru, ɗakin ya zama nawa. Na yi shirun ma na ɗan lokaci, ba zan yi ƙarya ba. Sai na hango kaina shekara da shekaru ina zaune a teburin nan bisa alfarmar Laminu, kullum yana gaishe ni da Oga, ya sani, na san ya sani. Ya fi ni hannu, na haɗiye wannan da ƙyar. Yanzu kuma zai fi ni hali, a gaban Alhaji, ni ina karɓa. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Na ce, "Alhaji, mai ɗacin nawa ne. Ƙari na yi a ɓoye don in riga shi. Mai kyan nasa ne shi kaɗai."

Alhaji ya ajiye wuƙar. Sannan ya tura wa Laminu makullin ɗakin a kan tebur, ya ce ni zan riƙa yi masa awo da rubutu.

Haka muke yanzu. An mayar da aikin cuku ya zama da madarar da ta kwana a sanyi, mu fara tun ƙarfe bakwai, ba mai korar mu. Masu shawarma sun fara aiko da mota. Mutane suna yaba mini wai na faɗi gaskiya, ni kuwa na san abin da ya tura ni, kuma har yau bai sake ni ba. Kowace safiya ni nake auna zafin madara in rubuta, in ja da baya. Laminu ya ciro kwalbar ruwan renet daga aljihunsa, ya auna da kansa, ya mayar da ita aljihu ya danne maɓalli. Har yanzu Oga yake ce mini, amma ko sau ɗaya bai taɓa ajiye kwalbar nan a inda hannuna zai kai ba.